Shagon takardun sojoji a Gusau: littattafansa sun yi, taswirorinsa kuwa a yi hattara

Duk kofur ko sajen da ke shirin jarrabawar ƙarin girma a Gusau ya san shagon nan mai injin fotokwafi biyu da janareta a bakin ƙofa. Ni tsohon saje ne, na yi aiki a sashen tattara bayanan sirri kafin in ajiye kaki, kuma yara sukan tambaye ni ko kayan shagon sun cancanci kuɗinsu. Amsata rabi da rabi ce.

Ta fuskar littattafai ba ni da ƙorafi. Yana da Dokar Rundunonin Soja, babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004, cikakkiya, ba shafin da ya ɓace. Akwai taƙaitaccen bayanin yarjejeniyoyin Janiba guda huɗu na 1949 kan dokokin yaƙi, wanda duk mai tsare fursuna ko yi masa tambayoyi ya kamata ya haddace. Akwai kuma ƙananan takardun darasi kan yadda ake rubuta rahoton abin da aka gani: mutum nawa, me suke yi, a ina, wane irin kaya suka sa, ƙarfe nawa, da wane makami. Bugun ya fito tas, ɗinkin da ƙarfi, kuma mai shagon yana ɗaga wa yara ƙafa zuwa ƙarshen wata. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya karɓar takarda mai hatimin sirri. Na ga ya mayar wa wani yaro da tasa, ya ce masa, "Oga, wannan ba ta shago ba ce, mayar da ita ofis." Allah ya yi masa albarka.

Taswira ce matsalar. Yawancin waɗanda yake sayarwa kwafin tsofaffi ne masu sikelin 1:50,000, waɗanda aka zana tun kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996. Tsufa kaɗai ba laifi ba ne, dutsen Kwatarkwashi bai gusa ba, gulbi ma yana nan inda yake. Amma wadda na duba ta yankin Talata Mafara babu tafkin Bakolori a cikinta, alhali an kammala madatsar tun 1978. To, ina ga ƙauyukan da suka tashi a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga, da sababbin hanyoyin babur a cikin daji?

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne rage girma. Don a yi tsimin takarda, yaron shagon yakan matse taswirar daga babbar takarda ta A3 ta koma ƙarama ta A4. A taswirar asali santimita 2 kilomita ɗaya ce; da an matse ta, kilomitar ta koma kusan santimita 1.4, amma rubutun 1:50,000 yana nan a ƙasa kamar ba abin da ya faru. Wanda ya ɗora rula zai ƙirga kilomita 5 a inda tafiyar kilomita 7 ce. A aji maki kawai zai rasa. A dajin Dansadau da rana tsaka, ruwan gorarsa ne zai ƙare. Na yi wa mai shagon bayani, ya ce, "Baba Saje, wallahi ban san haka abin yake ba," kuma yanzu yana tambaya kafin ya buga, sai dai ba kullum yake zaune ba.

Sannan tsofaffin taswirorin ƙasar nan a kan ma'aunin Minna aka yi su, wato tsohon tsarin lissafa matsayin wuri a doron ƙasa, na'urar GPS da waya kuwa da wani tsarin mai suna WGS84 suke zuwa. A yankinmu bambancin yakan kai wajen mita 80 idan ba a daidaita na'urar ba. Babu takardar darasi ko ɗaya a shagon da ta ambaci wannan.

Ban ce a bar takarda a dogara da waya ba. Wanda yake nan a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar, ba zai faɗi haka ba. Ka sayi dokar da takardun darasi hankali kwance. In taswira kake so, ka ce a buga ta a girmanta na asali, ka auna layin sikelin da rularka tun kana tsaye a shagon, ka duba shekarar da ke gefen ƙasa, sannan ka biya kuɗin rufe ta da leda saboda damina.