fx-82MS ko fx-82ES PLUS: wace za a saya wa yaro mai son fasa manyan lambobi?

Yaya, ka saya masa ES PLUS kawai. Duka biyun kalkuletocin kamfanin Casio ne, sunayen sun yi kama, amma a wannan aikin ba ɗaya suke ba.

Ita ES PLUS tana da FACT. Za ka rubuta lamba, ka danna =, sai SHIFT da maɓallin da aka rubuta FACT a samansa, nan take ta fasa maka ita zuwa lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu. Da ita nake yi wa yaran unguwarmu darasin yamma a Ƙofar Ƙaura. Ranar nan na ba su 720720. Wata yarinya ta duƙufa da fensir, tana rabawa da 2, da 3, har ta cika shafi, ta samu 2⁴×3²×5×7×11×13. Na miƙa mata kalkuletar ta danna, amsa ta fito daidai da tata. Wallahi murnar da ta yi har cikin raina na ji ta. Daga nan muka ƙara 1 a kan ƙarfin kowace (ƙaramar lambar da ke samanta, wadda ba ta da ita ƙarfinta 1 ne), muka ninka 5×3×2×2×2×2, muka gane lambobi 240 ne ke raba 720720 ba saura. Kuma ita ce mafi ƙanƙantar lambar da kowace lamba daga 1 zuwa 16 ke rabawa. Tun ranar yarinyar nan ba ta sake tsoron doguwar lamba ba.

MS kuwa tana da ƙarko, tana da sauƙin kuɗi, amma ba ta fasa lamba. Tawa tana cikin durowa.

Sai dai ka faɗa masa iyakar ES PLUS ɗin. Lambar kada ta wuce gurbi 10, kuma abin da ya fi ƙarfinta a cikin baka biyu take nuna shi. Bakan ba ya nufin lambar ba ta rabuwa. Ka ba ta 2147483647, za ta sa ta a baka, kuma da gaske babu mai raba ta, masanin lissafi Euler ya tabbatar da haka tun 1772. Ka ba ta 1022117, ita ma baka, alhali 1009×1013 ce. Nan wurin sai kai da takarda, shi ya sa nake so yaro ya fara da hannu, na'ura ta zo daga baya ta duba masa.

Don Allah ka kula da jabu, sun cika kasuwa, kwali da tambari duk an kwaikwaya. Wasu masu shagon za su rantse maka ta asali ce, bayan kwana biyu maɓallai su fara maƙalewa, rubutun allon ya dusashe. Kada ka karɓi ta cikin leda ba a kunna ba. Ka gwada 720720 a gaban mai shago, ka karkata allon ka ga ko rubutun na nan raɗau, ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. In ya hana ka gwadawa, ko ya karya kuɗin fiye da kima, ka wuce shago na gaba.