Jagirar katako ko mai murɗawa: wacce ke fitar da gira kamar ba a taɓa ta ba?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya a zauren nan cewa duk sanda ta ja gira sai ta fito mata baƙa ƙirin, mai kusurwa, daga nesa ma an san zane ne. Jagirar katako take amfani da ita, an ce mata ta koma mai murɗawa, shi ne take so ta ji ko canjin zai yi mata magani.

'Yar'uwa, abin da ya raba biyun nan taurin baki ne da kaurinsa, kuma daga nan duk sauran bambancin ya taso.

Jagirar katako, irin su Davis da ke kan teburin kusan duk mai sayar da kayan kwalliya, bakinta na da taushi saboda yawan mai da kakin da ke cikinta. Ɗan taɓawa kaɗan ta zuba launi da yawa. Wannan alheri ne ga wadda girarta ba ta da gashi sosai, ko take da gurbin tabo da take son cikewa, kuma ga arha ga daɗewa. Matsalarta ita ce tsinin ba ya jimawa. Kafin ki gama gira ɗaya bakin ya dakushe, maimakon siraran layuka masu kama da gashi sai ki samu shafe guda. Don haka mai amfani da ita dole ta fiƙe kafin kowace gira, ba sau ɗaya a mako ba. Masu kwalliyar amare da yawa ba sa fiƙe ta zagaye, da reza suke fere bakin ta gefe biyu ya koma falle, sai su riƙa zana gashi da kaifin. Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, tana narkewa a cikin jaka, in an zo fiƙewa ta riƙa dagargajewa. Saka ta a firji na minti 10 zuwa 15 kafin ki fiƙe.

Mai murɗawa siririya, irin Brow Wiz ta Anastasia ko Micro Brow ta NYX, bakinta wajen milimita 1 da rabi ne, kuma a bushe yake, da tauri. Ba ta ba da launi sai kin maimaita, wanda shi ne amfaninta: da wuya hannunki ya zarce. Tana zana layi siriri kamar gashi ɗaya, ba ta buƙatar fiƙewa, yawancinsu kuma suna zuwa da ɗan burushin taje gira a ɗaya ƙarshen. Amma ta fi tsada, tana saurin ƙarewa, tana kuma karyewa. Kada ki murɗo fiye da milimita 1 zuwa 2. In kika fito da shi da tsawo kika danna, ya tafi ke nan. A kan fata mai maiƙo ko wadda aka lafta wa fandeshan ba ta kamawa, sai ta riƙa zamewa. A lura, akwai masu murɗawa masu kaurin baki mai kusurwa uku, waɗannan na cikewa ne, halinsu ya fi kusa da na katako.

Kafin ki biya kuɗi, ja layi a bayan hannunki ba tare da dannawa ba, ki goga da yatsa. In layin ya fito da kauri kuma ya baje, jagirar ta yi taushi da yawa, ta fi dacewa da ido a kan gira, ko me aka rubuta a jikinta.

Sai dai a yadda kika kwatanta, muna ganin launi ne ya fi cutar ki. Gashin girarmu baƙi ne, amma baƙar jagira ba ta yi masa, domin tsakanin gashi da gashi fata ce ake hangowa, ita kuwa baƙar tana toshe wannan hasken gaba ɗaya. Nemi ruwan ƙasa mai duhu wanda ya karkata zuwa toka. Ki guji mai ja-ja: a ɗaki yana da kyau, a rana ko hasken kyamara sai ya koma ruwan goro a kan fata mai duhu. Mai hasken fata ta ɗauki wanda ya fi wannan haske da mataki ɗaya. A bakin ƙofar shago za ki duba launin, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Ko wacce kika riƙe, aikin iri ɗaya ne. Goge mai daga gira, ki ɗan taɓa hoda, ki taje gashin sama don guraben su bayyana. Ɗora jagirar a tsaye a gefen hanci, inda ta taɓa gira nan ne farko. Karkata ta daga gefen hanci ta bi ta gefen baƙin ido na waje, nan ne tudun gira. Daga gefen hanci zuwa ƙarshen ido kuma, nan wutsiya za ta tsaya. Wutsiyar kada ta sauko ƙasa da inda girar ta fara, tana sa fuska ta yi kamar mai ɓacin rai.

Fara daga tsakiya, ba daga kusa da hanci ba, don inda aka fara ɗora hannu nan launi ya fi taruwa. Riƙe jagirar daga can baya, hakan na rage ƙarfin dannawa. Yi gajerun layuka, tsawon gashi ɗaya, kina bin inda gashin ya kwanta: a gaba sama yake miƙewa, a tsakiya ya karkata, a wutsiya ya kwanta gefe. Gaban girar layi 3 ko 4 sun isa, sannan ki taje har su baje. Zagaye girar da layi sama da ƙasa a cike tsakiya shi ne ke haifar da kusurwar nan da kike kuka da ita. In za ki ja layi, na ƙasa kaɗai, daga tsakiya zuwa wutsiya.

'Yan'uwa da yawa ba sa aske gira ko tsige ta saboda hanin da ya zo a hadisi. Ga irinsu, gashin da ya fita layi ana kwantar da shi da burushi da ɗan sabulun gilisarin, a shafa konsila, wato man ɓoye tabo, siriri a ƙasan girar, mai launin fata ko wanda ya ɗara ta haske kaɗan. Wanda ya yi fari da yawa shi ke zagaye gira da farin da'ira a hoto. Sannan jagira mai hana ruwa shiga ba ta fita sai da mai ko abin goge kwalliya, abin da ya kamata mai yawan sabunta alwala ta sa a lissafi.

In girarki na da gashi, gurabe kawai kike cikewa, sayi siririyar mai murɗawa. In gashin kaɗan ne, ki ci gaba da ta katakon, ki canza launi zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ki shimfiɗa ta sama-sama ki taje, sannan ki fere bakin ki zana gashi a kai.