Man kaɗe ko basilin: wanne za a shafa wa jariri?

Wata 'yar uwa ta ce tun shigowar hunturu fatar ɗanta mai wata 4 ta yi furu-furu. Kakarsa ta ce man kaɗe, maƙwabciya ta ce basilin, ita kuma ta rasa na ɗauka.

'Yar uwa, duka biyun suna da kyau, sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne. Basilin kwanciya yake yi a saman fata, ya hana danshin jiki fita. Shi ya sa ya fi aiki idan kika shafa shi tun fatar na da laima. Man kaɗe kuwa ɗumin jiki yana narkar da shi, ya tausasa fata sosai, amma wajen riƙe danshi bai kai basilin ba, musamman idan iska ta tsananta.

Wajen aminci kuma, farin basilin marar turare ba ya lalacewa da wuri, kuma da wuya fatar yaro ta ƙi shi. Man kaɗe ya danganta da hannun da ya yi shi. Na kasuwa kan ɗebi ƙura, wani kuma an gauraya shi da wani man. Ki narkar da shi a wuta kaɗan, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki zuba a roba mai murfi, ki riƙa ɗiba da cokali. Idan ƙanshinsa ya juye, ki zubar. Kafin ki shafa a duk jiki, ki gwada ɗan kaɗan a cinyarsa, ki jira awa 24. Idan wurin ya yi ja ko ƙuraje, ki bar shi.

Shawarata a hunturu: man kaɗe a jiki, basilin a kumatu, haɓa inda yawu ke zuba, da wurin kunzugu, domin ya fi kare fata daga fitsari da kashi. Amma lokacin shafawa ya fi irin man muhimmanci. Wanka kada ya wuce minti 10, da ruwa mai ɗumi wanda kika gwada da gwiwar hannu, sabulu kaɗan. Ki tsane shi da tawul ba tare da gurzawa ba, ki shafa man cikin minti 3 tun fatar na da laima, sannan ki ƙara da dare.

Da bazara lissafin yana canzawa. Basilin mai yawa a wuya, hammata da baya yana toshe gumi, ƙurajen zafi su fito. Man kaɗe ɗan kaɗan ya isa.

Kada ko ɗayansu ya taɓa cibiyar da ba ta warke ba. Wannan aikin chlorhexidine ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta na shafawa a cibiya da ake bayarwa a asibiti. Kada a cusa su a hanci. Don Allah kada a gauraya su da kafur ko man zafi, domin suna iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani.

Idan jan wurin kunzugu ya wuce kwana 3, ko fatar tana tsagewa tana ruwa, ko ƙaiƙayi ya hana shi barci, ko akwai zazzaɓi, ki kai shi asibiti a duba shi.