Da furfurata aka mayar da ni koyon baƙi da wasali a Ingila

Jama'a barkanmu da war haka. Waɗanda suka san ni sun san na daɗe riƙe da alli a gida kafin Allah ya yi min fitowa, NCE gare ni na ɗora digiri a kai, lissafi na koyar har ɗalibaina suka yi aure suka hayayyafa. To da na samu aikin mataimakin malami a wata firamare nan Manchesta, a raina cewa nake yara 'yan shekara 5 da 6 me za su gagare ni da shi.

Aka ba ni 'yan yara a wani ɗan teburi a lungun aji in yi musu karatu. Na buɗe littafi na kama yadda muka saba, in faɗa su amsa, in faɗa su amsa, murya na tashi ni har daɗi nake ji wai aji ya ɗauka. Ashe malamar da ke kula da harkar karatu tana bayana tana rubuce-rubuce. Yarinya ce wallahi, da a gida ne sai ta rusuna ta gaishe ni. Ta matso da murmushin nan nasu da ba ka gane yabo ne ko yanka, ta sa tafin hannu ta rufe hoton da ke shafin, ta nuna kalma ɗaya daga tsakiya ta ce wa yaron da ya fi kowa ɗaga murya ya karanta. Yaro ya yi zuru. Ta juyo a hankali ta ce min bakinka suka haddace, ba su karanta ba. Kai! Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Daga nan aka tura ni horon koyar da karatu ta sautin haruffa tare da sabbin shiga, ga ni zaune da furfurata ina sss kamar maciji, mai horon tana zagayawa tana kasa kunne a bakin kowa, in ka ce "sa" ta ce a'a cire wasalin, sautin kawai ake so, don in ka koya wa yaro da wasali a manne ba zai iya haɗa kalma ba. Turanci haruffa 26 ne amma sautinsa ya kai 44, shi ya sa suka ɗauki abin da zafi. Tun 2012 duk yaron da ya zo ƙarshen aji ɗaya sai malami ya zaunar da shi shi kaɗai ya karanta kalmomi 40, rabinsu ma kalmomin ƙarya ne marasa ma'ana da aka zana dodanni a gefensu, don kar a ce hadda ce ta fisshe shi. Wanda bai kai 32 ba a bi shi da ƙarin darasi ya sake baɗi.

Abin da ya fi ci min rai ina zaune a wajen shi ne wannan fa namu ne. Ba be bi bo bu da muka yi a firamare mene ne? Babbaƙu da farfaru na makarantar allo fa? Hausar boko kusan yadda ka faɗa haka ake rubutawa, ba irin wahalar Turanci, amma muka watsar muka koma rera ABC da yaren da yaro ko "zo" bai sani ba a cikinsa, iyaye kuma suna murna ɗansu yana Turanci. Sai da aka zo da tallafin waje aka yi shirye-shiryen koyar da karatu irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara sannan muka tuna ashe ana koyar da karatu da Hausa.

Lissafi ma da nake taƙama da shi sai da aka taɓa ni. Nan yaro in ya ce bakwai da biyar sha biyu ne ba a ce masa da kyau a wuce, sai an tambaye shi ya aka yi ya sani, ya ɗauko 'yan ƙwayoyin roba ya cike gurbi goma ya nuna biyun da suka yi saura, ya juya ya yi wa na kusa da shi bayani da cikakkiyar jimla. Surutun da muke zane yara a kansa, nan koya wa malami ake yadda zai jawo shi. Kuma kar ku ɗauka ba sa hadda, a aji huɗu akwai gwajin lissafin sau a kwamfuta, tambaya 25, kowace daƙiƙa 6, har 12 sau 12. A ƙa'idar malamansu ma an rubuta, ko wane fanni kake koyarwa gyaran karatu da maganar yaro yana wuyanka, ba ka cewa ai wannan na malamin Turanci ne.

Sabon malami kuwa ko ya karɓi shaidarsa shekara 2 zai yi da mai kula da shi, a rage masa darussa, a riƙa shiga ajinsa ana kallo ana zama da shi. Duk shekara kwana 5 yara na gida malamai na makaranta suna karɓar horo. Mu fa? Ɗalibi ya je koyon koyarwa, mai duba shi ya leƙo sau ɗaya ya sa hannu ya yi gaba. In an kira bita masu hanya ne ke zuwa, a rubuta suna a karɓi alawus a watse, wanda ke fama da aji ɗaya ko labari bai ji ba. A 2017 da Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa 21,780 suka faɗi cikin kusan 33,000, ƙasa ta ɗauka ana ta zagi da dariya, ni kuma tambayata wa ya ba su takardar, wa ya taɓa zama a bayan ajinsu ya gyara musu ko sau ɗaya?

Ba wai nan aljanna ba ce fa. Cike-ciken takardu kaɗai ya isa ya kashe mutum, yaro ya kurje gwiwa sai fom, ka ɗaga murya sai bayani, ɗan mitsitsin yaro ya kalli tsabar idonka ya ce ba zai yi ba kuma dole ka durƙusa ka lallashe shi. Malamansu da yawa gajiya suke su ajiye aikin. Ka haɗu da uban ɗalibinka a kanti ya ɗaga maka gira ya wuce, sai in tuna yadda nake shiga kasuwa wani ƙato da gemu ya baro rumfarsa da gudu yana Malam Malam, ya rantse ba zan biya ba.

Kuma in za a yi adalci, nan doka ce ajin 'yan shekara 5 zuwa 7 kar ya wuce yara 30 ga malami ɗaya. Na tambayi mai horon namu ya za ta yi da yara sama da ɗari a ƙasa, ba littafi, albashi kuma ya yi wata biyu bai shigo ba. Dariya ta yi, ta ɗauka zolaya nake.