Darasin ginin tukwane a Imbe: wutar ce ta ci kuɗinta

Duk wanda yake Japan, ko karatu ya kawo shi ko yawon buɗe ido, kuma ransa ya biya ya shiga darasin ginin tukwane a garuruwan nan da suka yi suna, ga shawarata tun kafin in yi nisa: kada ya biya ko yen ɗaya sai ya tambaya a wane tanderu za a gasa abin da ya gina, kuma ko za a yarda ya zo lokacin da ake wuta. In aka ce masa a na lantarki ne, to wasa da laka ya saya. Da daɗinsa kam, amma ba shi ya fito da sunan tukwanen Bizen ba. Ni na shiga duka biyun, ginin da wutar, a wani ƙaramin gidan magina da ke bayan garin Imbe, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Imbe tana cikin birnin Bizen ne, a jihar Okayama. Daga tashar Okayama jirgin ƙasa na layin Ako yake kai mutum, tafiyar minti 40 ko kusa da haka. Tun kafin ka sauka za ka fara hango bututun hayaƙi na jan bulo sun yi cirko-cirko a saman gidaje, a gindinsu kuma an jibge faskaren itace har ya kamo tsayin katanga. Bizen ɗaya ce daga tsofaffin cibiyoyin tukwane shida na Japan, tare da Seto, Tokoname, Shigaraki, Tamba da Echizen, waɗanda aka sa cikin kayan gadon ƙasa a 2017. Abin da ya raba kayanta da tangaran ɗin da muka sani shi ne ba a shafa musu ruwan ƙyalli, ba a yi musu zane. Yumɓu ne tsurarsa, sai abin da wuta da toka suka bari a jikinsa. Sana'ar ta taɓa faɗuwa har garin ya koma yin bututun magudanar ruwa da bulo, kafin wani magini, Kaneshige Toyo, ya farfaɗo da salon kayan shayi na zamanin Momoyama, wato ƙarshen ƙarni na 16. A 1956 gwamnati ta ba shi matsayin girmamawa na gwanayen sana'o'in gargajiya da suke kira taskar ƙasa mai rai.

Gidan da na je na iyali ne: tsohon magini da kowa ke ce wa Sensei, wato malam, matarsa da ke riƙe da shago da lissafi, sai wani saurayi mai koyon aiki. Kama gurbi ya ba ni wahala. Ba sa amsa saƙon imel, sai waya, wayar ma da Japananci zalla, sai da na roƙi wani abokin aiki ya kira mini. Kati ba ya aiki a wurin, tsabar kuɗi suke karɓa. Lokacin da na je, farashin gajeren darasi a garin ya kama daga yen 3,000 zuwa 5,000, kuɗin aiko maka da kayanka daban.

Yumɓun shi ne abu na farko da ya burge ni. Hiyose suke kiransa. Daga ƙarƙashin gonakin shinkafa ake haƙo shi, a ajiye shi shekaru yana ruɓa kafin a taɓa shi, sannan a gauraya da ƙasar dutse. Yana da laushi da danƙo, ga ƙarfe da yawa a cikinsa, shi ya sa in ya gasu yake fitowa ja-ja mai duhu. Sensei ya ce na kirki yana ƙaranci, domin an gine gonaki da yawa, kuma wanda yake ji da shi tun zamanin mahaifinsa aka haƙo. Ba wannan aka ba mu ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Ana zaɓar ko gini da hannu, a murza yumɓu ya zama igiya ana ɗorawa, ko faifan lantarki mai juyawa. Na taɓa kowanne. Maganar gaskiya, a kan faifan nan hannun saurayin ne ya yi aikin, nawa rakiya ya yi. Shi ya daidaita curin a tsakiya, shi ya ja bangon sama yana riƙe da yatsuna, da ya saki kuwa sai kofin ya fara rawa. Ga wasu baƙi suna jiran layi a waje, saboda haka ba a bar ni na ɓata na sake ba, wanda a ganina nan ne koyon yake. Ginin hannu ya fi mini nesa ba kusa ba: ba mai hanzarta ka, kuma abin da ya fito naka ne, da karkacewarsa da komai. An gargaɗe mu mu gina da girma, domin tsakanin bushewa da gashi yumɓun nan yakan tsuke da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na gina kofin shayi da kwano mai faɗi, na zana alamata a gindinsu, aka ɗora a kanta.

Daga nan sai jira. Maginan Bizen sau ɗaya ko biyu suke kunna babban tanderu a shekara, don haka wanda ya gina da bazara yana iya kai wa kaka bai ga kayansa ba. Masu gaggawa ne ake gasa wa a na lantarki ko na gas, a aiko musu cikin wata ɗaya ko biyu. Wannan bayani ba a yi mini shi a waya ba, sai da na tambaya da bakina a wurin, kuma na ga waɗanda suka tafi ba su tambaya ba.

Tanderun gidan noborigama ne, ɗakuna na bulo a jere suna hawa jikin tudu kamar rumbunan da aka haɗa wa baki, wuta ta shiga na ƙasa ta ratsa ta fita ta bututu a sama. Shirya kaya a ciki kawai yakan ci kwanaki, kuma ba a bar baƙo ya sa hannu ba, domin inda aka ajiye tukunya shi ke yanke kamannin da za ta fito da su. Wadda ke fuskantar wuta toka ke sauka a kafaɗarta ta narke, ta bar ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa irin ƙwayar riɗi, goma kenan a bakinsu. Wadda garwashi ya binne ba ta samun iska, sai ta fito toka-toka da shuɗi, ita ce sangiri. Wadda aka naɗe da karan shinkafa aka kuma kare ta daga toka takan fito fara-fara da jajayen layuka inda karan ya kwanta, hidasuki. In aka ɗora ƙaramin abu a kan faranti, gurbinsa ya bar da'ira mai haske, botamochi.

Ranar kunna wuta suka ajiye gishiri da shinkafa da giyar shinkafa a saman bakin tanderun, suka tafa suka sunkuya, al'adarsu ta neman sa'a a wurin abin bautarsu. Na ja gefe. Matar gidan ta lura, ba ta ce komai ba, daga baya ma ita ta nuna mini wani ɗaki mai tabarmar tatami inda zan riƙa yin salla. Wannan karamci na yaba da shi ƙwarai. Abinci dai sai ka yi da gaske: miyar da suke dafa wa masu kwanan wuta ta naman alade ce, kuma ko dunƙulen shinkafar kanti sai ka karanta bayan leda. Na riƙa zuwa da guzurina.

Wutar takan ɗauki kwana 10 zuwa 14 ba a kashe ta ba, dare da rana, ana karɓa-karɓa. Kwanakin farko wuta ce 'yar ƙarama a bakin ƙofa, har mutum ya ce wasa ake, domin yumɓun Bizen ba ya jure zafin farat ɗaya, tsagewa yake. A hankali ake hawa har a wuce digiri 1,200 a ma'aunin Celsius. Itacen kuma ba kowanne ba, sai akamatsu, bishiyar nan mai jan ɓawo da ganye siri-siri. Ƙaron da ke jikinta ne ke ba da dogon harshen wuta da zai ratsa ɗakunan, tokarta kuma ita ke narkewa ta zama ado. Babban tanderu yana cin sama da dami 1,000 a gashi ɗaya, ga itacen yana tsada saboda cutar da ta daɗe tana kashe bishiyar a dazukan ƙasar. Wanda ya ga tulin nan yana ƙarewa a idonsa ba zai ƙara cewa kofin Bizen ya yi tsada ba.

Ni daren kusa da ƙarshe aka ba ni. Kayan auduga aka ce in sa, ban da na roba, da tawul a ka da safar hannu mai kauri. Ana buɗe murfin ƙarfen nan, cikin ba ja ba ne, fari ne fat, ido ba ya iya tsayawa a kai, tukwanen suna tsaye a ciki sai ka ce haske ke ratsa su. Aikina in miƙa faskare, daga baya aka yarda in jefa. Jifan ma da ƙa'idarsa: hagu, dama, tsakiya, kada ka doki kaya, ka gama da sauri a rufe. Abin da ban sani ba sai a daren shi ne zuba itace saukar da zafi yake yi tukuna. Lambar ma'aunin ta yi ƙasa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, harshen wuta ya leƙo ta bututu, sannan in ya lafa zafin ya haura inda yake a da. Wanda ya yi garaje ya ƙara kafin lokaci ya shaƙe wutar. Sensei yana zaune a kan kututture, ma'aunin yana gabansa amma da wuya ya kalle shi. Gurnanin tanderun yake saurare. Da sautin ya sauya sai ya ɗaga haɓa, mu miƙe. Can wajen asuba ya zura sandar ƙarfe ya zaro wani ɗan zoben gwaji yana ja wur, ya tsoma a ruwa, ya juya shi a hannu ya ga ko tokar ta narke. Bai ce uffan ba, ya koma ya zauna. Bayani dai kusan babu, wanda ke jiran a yi masa lacca zai koma da takaici, amma a daren nan na fahimci abin da darasin rana bai gwada mini ba. Gani ya kori ji.

Bayan an toshe ƙofofi da laka sai a bar shi kamar mako guda ya huce. Kowane kaya in ya fito sai an goge kaushinsa da dutsen wasa, a wanke, a zuba ruwa a ga ko yana yoyo. Kofina ya fito da kyau fiye da ginin da na yi masa: gefe ɗaya jan ƙasa, ɗayan toka ta zubo masa. Kwanon kuwa ya tsage daga baki. Ba a mayar da kuɗi, haka ƙa'idar take kuma an faɗa tun farko, sai dai na so a ce saurayin ya nuna mini inda bangon ya yi siriri tun yumɓun yana ɗanye, tunda yana tsaye a kaina.

Ɗan Najeriya da ya tsaya gaban irin wannan tanderu yana da 'yar dangantaka da shi, ko bai sani ba. Michael Cardew, Baturen Ingila wanda ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, almajirin wani maginin Ingila ne, Bernard Leach. Leach a Japan ya koyi sana'ar, kuma a 1920 shi da maginin Japan Hamada Shoji suka gina tanderu mai hawa irin na Japan a St Ives ta Ingila. A cibiyar Cardew ɗin ce Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga a 1954, aka riƙa gasa tulunanta da itace a zafi mai tsanani. Hamada a garin Mashiko ya zauna, ba Bizen ba, kuma kayansu masu ruwan ƙyalli ne, amma zaren yana nan.

Kada dai a ɗauka kayan Bizen za su yi aikin namu. Tukwanenmu a fili ake gasa su cikin 'yan awanni, zafin bai kai can ba, shi ya sa randa ke tsatsafa ta sanyaya ruwa, tukunya kuma ta hau murhu lafiya. Na Bizen ya gasu ya zama dutse, ba ya tsatsafa, kuma in ka ɗora shi a wuta ko ka kwara masa tafasasshen ruwa yana sanyi zai iya fashewa. Mai yana kama shi, don haka ana jiƙa shi kafin a zuba abinci. Gindin kofina ya karce mini tebur kafin in samo masa matashi.

Wanda zai daɗe a ƙasar, yana da ɗan Japananci ko mai yi masa tafinta, ya nemi gidan da zai karɓe shi kwanan wuta, ya yi ginin hannu ya bar faifan. Mai ziyarar sati biyu kuwa, kuɗin darasi da na aikowa ƙasar waje in ya haɗa su sun isa ya sayi kofin ƙwararre a shagunan da ke kusa da tasha, ya naɗe a cikin riga ya sa a jakar hannu. In tafiyarsa ta dace da Asabar da Lahadi na uku a watan Oktoba, lokacin bikin tukwanen Bizen ne, ana yin rangwame, sai dai jirgin yakan cika maƙil, gara a fito da sassafe.