Man kariyar rana iri biyu da na gwada a fuskar autana

Autana zabiya ne. Na fara da wannan ne don kada wata ta ce me ya haɗa yaro ɗan shekara biyu da wata huɗu da man kariyar rana, a garin da kakanninmu suka yi tallan fura da rana tsaka ba su san wani mai ba sai man kaɗe. Fatar da ba ta da melanin, sinadarin da ke ba fata launi, ba ta da garkuwa daga rana. In ya ɗan jima a tsakar gida da hantsi, kafin azahar kumatunsa da saman kunnuwansa sun yi jawur, da daddare kuma ba mai barci. Ga shi a Kano muke, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Tun yana wata shida aka ce mu fara shafa masa, domin kafin wannan lokacin inuwa da sutura kawai ake so ga jariri. A shekarar farko da ɗan abin da wata ƙungiyar zabiyoyi ta raba muka lallaɓa, yaro ne na goye, ba ya fita. Da ya fara gudu ne aiki ya tashi, dole na shiga kanti da kuɗina.

Na farkon da na saya, gaskiya ido ne ya saye shi. Roba ce mai kyau, ga hoton jariri yana dariya, ga SPF 50, lambar da ke nuna ƙarfin tare rana, an rubuta ɓaro-ɓaro, ga ƙamshi kamar na alewar lemo. Ruwa-ruwa ne, kana murzawa ya ɓace, ba maiƙo ba fari. Na ce to, Allah ya kawo mu gidan sauƙi. Kusan mako biyu ina shafa masa safe da rana, ko ƙwarzane babu. Wannan mako biyun ne ya ruɗe ni daga baya, don da abin ya zo, man shi ne na ƙarshe da na zarga.

Wata Asabar muka je suna, aka wuni a rumfa. Washegari da safe na ga wasu 'yan ƙananan ƙuraje sun feso masa a kumatu da goshi. Zuwa Litinin sun haɗe sun zama faci-faci ja, sun ɗan tasa, fatar idonsa ta sama ta yi fushi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne susar. Bai iya cewa ƙaiƙayi ba, sai dai ya zo ya kama gefen zanina ya dinga goga fuskarsa kamar ɗan akuya a jikin katanga, in na janye ya fashe da kuka. Cikin dare na farka na tarar ya kife fuska a kan tabarma yana gurzawa. Amma jikinsa ba zafi, ba tari, ba mura, tuwonsa ma ya cinye tas.

Likitocin gida kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Hajiya, surukata, ta ce ƙurajen zafi ne, a barbaɗa hoda. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce baƙon dauro ne, kada ruwa ya taɓa shi, alhali yaron ya karɓi allurarsa ta wata tara da ta wata goma sha biyar, katin yana cikin jakata. Abbansu ya ce rana ce ta suna ta dafa shi, ni ce ban shafa man da yawa ba. Maganarsa ce ta fi kama hankali, sai na bi ta. Na ƙara lafta masa man nan har sau uku ran Litinin. Wayyo. Ran Talata fuskar ta zama abin tausayi, wani wajen har ya fara tsattsafo da ruwa. A kemis ɗin unguwa aka miƙo mini man nan mai haɗi uku da ake ba wa kowa a kan kowane irin ƙurji. Na biya, na sa a jaka, amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na wuce asibiti da shi ban buɗe ba.

Likitar fatar da muka gani ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗaga masa riga ta duba baya da hammata da matsematsi, fes. Ta ce da ƙurajen zafi ne, nan za su fi yawa, inda zufa ke taruwa a ƙarƙashin tufa da cikin lanƙwasar wuya. Sai ta sa yatsa ta ɗaga haɓarsa, ta juya kansa ta leƙa bayan kunne. Ƙurajen na nan, layi guda, har da wani shafi a gefen wuya mai kama da sawun yatsu.

"Maman Auta, rana tana shiga ƙarƙashin haɓa?"

Na ce a'a, likita.

"To amma hannunki yana shiga."

Ban san lokacin da na dafe kai ba. Ta ce ƙunar rana takan tsallake wuraren da ke da inuwa, ƙarƙashin haɓa da bayan kunne da ƙasan hanci, kuma zogi take yi fiye da ƙaiƙayi. Akwai kuma masu fatar da rana ce da kanta ke tayar musu da ƙuraje masu ƙaiƙayi, su ma a wuraren da hasken ya doka kawai. Wannan kuwa duk inda mai ya bi, ƙurji ya bi. Na ce ai mako biyu ina shafawa lafiya lau. Ta ce haka irin wannan borin yake, jiki sai ya ɗauki kwanaki yana sanin abu kafin ya tsane shi, kuma bayan ya tsane shi ma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ta karɓi robar ta juya bayanta, inda ni ban taɓa karantawa ba, ta ja layi da biro a ƙarƙashin abu uku: turare, oksibenzon, da oktokirilin. Ta ce dukkansu an san su da tayar da fata, kuma oksibenzon wani lokaci sai ya haɗu da hasken rana sannan yake yin ɓarnar, shi ya sa mutane ke ɗora wa rana laifi ita kaɗai.

Da na fito mata da man kemis ɗin, kallon da ta yi mini ya isa. Ta ce akwai sinadarin sitiyarod mai ƙarfi a ciki, irin wanda ke sa fatar fuskar yaro ta yi siriri in an ɗore, shi ne ma wasu ke haɗawa a man bilicin. Ta rubuta mana mai sauƙi na kwana biyar kacal, da maganin ƙaiƙayi na ruwa, ta ce a wanke fuska da ruwa zalla a shafa basilin marar ƙamshi, a yanke masa farce, a tsare shi a ɗaki har fatar ta warke. Ta kuma ja mini kunne: duk ranar da na ga leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙuraje sun zo da zazzaɓi, kada in tsaya shawara da kowa. Kwana huɗu ja ya fara dusashewa, kwana goma fatar ta saɓule ta koma daidai.

Yanzu ga na biyun, wanda shi ne dalilin wannan rubutu.

Likitar ta ce in nemi wanda abin da ke aiki a cikinsa zink oksaid ne, shi kaɗai ko tare da titaniyom dayoksaid, ba turare, SPF 50, mai tare UVA da UVB duka biyu, wato nau'o'in hasken rana biyu masu cutar da fata. Waɗannan biyun ma'adinai ne da aka niƙa, galibi a saman fata suke zama, shi ya sa ba su cika tayar da bori ba. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, da ta sake duba sinadaran man rana, waɗannan biyun ne kawai ta gabatar a matsayin waɗanda ta gamsu da amincinsu, akasarin sauran ta ce a kawo ƙarin bayani. Na zaga shaguna huɗu kafin na samu. A biyu daga ciki sai da aka yi ta tura mini wasu masu rubutun "na jarirai" a gaba, ina juyawa in ga oktokirilin yana zaune a baya daram. Wanda na samu bututu ne na mililita 100, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon, sai da na ja numfashi kafin na miƙa kati. Na duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, tunda jabu ba ya sallama.

Ban kai shi fuska ba sai da na gwada. Ɗan ɗigo a cikin damtsensa, safe da yamma, wuri ɗaya, har kwana bakwai kamar yadda likita ta ce, kwana biyun ƙarshe na bar hannun a buɗe ya ga rana kaɗan. Shiru. Sannan bayan kunne na kwana biyu. Sannan fuska. Yau wata biyar ke nan, mun ƙarasa bazara, mun ratsa damina, ko ƙurji ɗaya bai dawo ba. Ba ya kuma shiga ido ya yi yaji, abin da na farkon ke yi masa da zarar ya yi zufa, ni kuma ina zaton rigima ce kawai.

Sai dai duk wadda ta ce miki man nan yana da daɗin sha'ani ba ta shafa wa yaro mai gudu ba. Kauri ne da shi kamar man shanun da ya kwana a hunturu. In kika matso shi kika ɗora kai tsaye, tsayawa yake wuri guda yana ja miki fatar yaro. Dabarar da na koya ita ce in murza shi tsakanin yatsuna ya yi laushi, in ɗiga a goshi da kumatu da hanci da haɓa, sannan in baza, ina yi masa waƙa don ya tsaya. Kunnuwa da ƙeya da bayan hannu da saman ƙafa su ne ake mantawa, su ne kuma suka fi ƙonewa. Ina shafawa kamar minti goma sha biyar kafin a buɗe ƙofa, in sake bayan awa biyu in yana waje, ko bayan ya yi wasan ruwa. An rubuta yana jure ruwa na minti 80, amma Auta da bokiti ba su san agogo ba, don haka da ya fito na goge shi nake sakewa.

Fari kuma yana bari. A jikin Auta wannan ba matsala ba ce, wa zai gane? Amma ranar da yayarsa, wadda baƙa ce kamar ni, ta ce ita ma sai an shafa mata, sai ga ta kamar wadda ta faɗa buhun fulawa. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Wadda za ta saya wa yaro mai duhun fata ta san da wannan, akwai masu ɗan launi da aka yi don haka, su ma a juya bayansu a karanta. Ƙura tana manne masa, wuyan riga yana yin fari-fari, baƙar hijabina ta sha tambari. Wankewa ma sai da dabara: sabulu kaɗai ba ya fitar da shi, sai na fara goga ɗan man zaitun a auduga, sannan ruwa. In aka bar saura ya haɗu da zufa ya kwana, nan ne za a iya samun ƙurajen zafi na gaske.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne saurin ƙarewa. Fuska, wuya, kunne, hannu da ƙafa kawai, amma bututu bai cika wata ba. Na taɓa ƙoƙarin tsimi, ina shafa ɗan kaɗan, sai hancinsa ya ba ni amsa da yamma. Lambar da ke jikin roba ba ta aiki sai an shafa da kauri. Kuma kada lamba ta ruɗi kowa: SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, SPF 50 kusan kashi 98, don haka masu neman 100 su ƙara kuɗi, gara su sayi 50 guda biyu. Hanyar tsimin da ta yi mini aiki ita ce rage fatar da ke buɗe: riga mai dogon hannu ta auduga mai kauri, wando har idon sawu, malafa mai faɗi, da hana fita daga ƙarfe goma zuwa huɗu in ba dole ba. Man kaɗe yana nan muna shafawa da daddare don laushi, amma ba ya tare rana, ko da Hajiya ta rantse. Kada kuma a bar bututun a mota. Sau ɗaya Abbansu ya manta da shi a gaban gilashi, da na buɗe sai ruwa-ruwa ya fara tsiyayowa, farin ya rabu daban, dole na zubar da kusan rabi.

In za a ce in ba da maki, na biyun bakwai ne cikin goma: na cire masa biyu don tsada da saurin ƙarewa, ɗaya don wahalar shafawa. Na farkon ba zan ce mugun mai ba ne, jinin Auta ne bai haɗu da shi ba. Abbansu ne ya gaje shi, yana shafawa a hannu in zai hau babur, har ya ƙare bai yi masa komai ba, sai ƙamshin alewa da abokansa suka yi ta tsokanarsa da shi. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: ya wanke hannu da fuska kafin ya ɗauki yaron, don ranar da ya manta ya rungume shi, washegari sai ga ɗan ja a kumatu ɗaya.

Malafar ce har yanzu ba mu daidaita ba. Uku ya jefa a kwata. Ta huɗun Hajiya ce ta ɗinka mata igiya da hannunta, kuma yanzu ita ce ke tare mu a zaure kullum, ta ɗaga haɓarsa kamar yadda na ba ta labarin likita ta yi, ta ce, "Ke 'yar nan, an shafa wa mai gidan nawa allinsa kuwa?"