Firjin gas ko na batir: wanne za ka bari a kunne ka je ka kwanta?

Duk wanda ya zauna a Amurka ya san ɗakunan nan na tafi-da-gidanka da ake ɗaura wa mota a ja, da gado da kicin da banɗaki a ciki. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. 'Yan uwanmu masu son saye sukan tsaya ne kan girman gado da nauyin da motarsu za ta iya ja, firji kuwa sai dai a buɗe a leƙa a rufe. Alhali shi ne zai fara hana ka barci, tun daren jajibirin tafiya.

Firjin gas ba ya sanyi da wuri. Yakan ɗauki awa 8 zuwa 24 kafin cikinsa ya sauko digiri 4, inda nama da madara ba za su lalace ba. In asubancin Asabar za ku yi, tun safiyar Juma'a ya kamata a kunna shi, ka tafi aiki ka bar harshen wuta yana ci ba kowa a wurin. Nan ne hankalin mutane yake tashi, kuma da gaskiyarsu.

Wanda ya taɓa ganin firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin karkara ya riga ya san wannan fasaha, iri ɗaya ce. Ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro ta a 1922. Babu inji a ciki, babu abin da yake juyawa. Wuta ce take dafa ruwa mai haɗe da amoniya, tururin ya hau sama ya huce, ya haɗu da iskar haidirojin ya zuƙe zafin cikin firjin, sannan ya gangaro da kansa ya koma tukunya. Gangarowar nan ita ce ran abin. In ɗakin ya karkace, ruwan ya tsaya a bututu, tukunyar ta yi ta cin wuta, sinadarin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya fara toshe hanya, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Masu ƙerawa sukan ce kada karkatar ta wuce digiri 3 gefe da gefe, ko 6 gaba da baya. A kan titi babu damuwa, girgizar tafiya tana kaɗa ruwan. A tsaye ne matsalar take, kuma ƙofar gidaje da yawa a can gangare ce. Ni ba na kunna nawa sai na ɗora ma'aunin magina a daɓen wurin ƙanƙara na ga kumfar ta zauna a tsakiya.

Maganar gobara ba tatsuniya ba ce. Kamfanin Dometic mai ƙera irin wannan firji ya janye ɗimbin firjinsa don a gyara su a 2006, ya ƙara a 2008, kamfanin Norcold ma ya yi irin haka da manyan firjinsa, duk saboda bututun tukunya da kan tsage ruwan ya tsiyayo kusa da wuta. Amma a yi adalci, firjin nan don ya yi kwanaki yana ci aka yi shi. A sansani ma ai kwana ake yi da shi a kunne, mutane suna barci taku biyu daga gare shi. In iska ta kashe wutar, na zamani yana gwada kunnawa kamar sau uku, in ta ƙi ya rufe gas ɗin ya kunna fitilar gargaɗi. Gas kuma ba ya sha da yawa, tukunya mai kilo 9 takan kai kwana 10 ko da wutar ba ta hutawa.

Abin da nake tsoro ya fi ƙanƙanta. Wata bazara na buɗe murfin da ke bayan firjin ta waje, na tarar zanzaro ya yi gininsa na laka a bakin bututun, ga saƙar gizo. Da na kunna, harshen wutar ya fito rawaya yana rawa maimakon shuɗi tsayayye, har ya fara baƙanta ƙarfen. Da a ce maɓalli kawai na danna daga ciki na juya, haka zai wuni ya kwana. Sai kuma batir. Ko da gas yake aiki, firjin yana buƙatar wutar bolt 12 don buɗe gas da tartsatsin kunnawa, na'urar jin ƙanshin gas ma daga nan take sha. Batir ya mutu da tsakar dare, firji ya mutu, ka zo da safe ka tarar da shi da ɗumi. A cikin gareji rufaffe kuwa kada a kuskura a kunna shi, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba.

Saboda haka in ɗakin a ƙofar gidanka yake kwana, wuri shimfiɗaɗɗe, ga soket kusa, firjin gas mai hanya biyu, wato mai aiki da gas ko da wutar gida, ya wadatar. Ka jona shi da wutar gida, wat 300 da 'yan kai yake ja, ka rufe tukunyar gas ɗin gaba ɗaya. Sharaɗin daidaito yana nan ko da lantarki ne, don tukunyar dafa ruwan amoniyar ɗaya ce. Mai hanya uku, wanda aka ƙara masa ta batir, ba abin da zan ƙara kuɗi a kansa ba ne, hanyarsa ta batir riƙe sanyi kawai take yi lokacin da mota ke tafiya, in aka tsaya ta ƙwaƙule batir cikin 'yan awoyi.

In kuma a filin haya kake ajiye shi, nesa da gida, babu wuta, to firjin batir mai kwamfiresa, wato injin sanyi irin na firjin gida, ya fi maka. A 'yan shekarun nan sababbin ɗakuna da yawa da shi suke fitowa. Cikin awa 2 zuwa 4 ya yi sanyi, don haka zancen barin sa ya kwana ma bai taso ba, kana loda kaya yana sanyi. Karkata ba ta damunsa, ya fi ɗaukar kaya tunda bayansa babu tarin bututu, kuma zafin Arizona ko Tekzas da ke sa na gas ya yi rauni ba ya kayar da shi. Ba sai ka tuna kashe wata wuta ba kafin ka shiga gidan mai. Kuɗinsa na gaskiya a batir yake. Batir ɗaya na gargajiya da ake haɗa ka da shi a wurin saye da ƙyar zai kai ka kwana guda, sai ka ƙara na litiyom da sola a rufi. Mai zuwa daji ya yi mako ƙarƙashin inuwar itatuwa, inda rana ba ta sauka kan sola, har gobe na gas ne abokin tafiyarsa. Firjin gida da ake haɗawa da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, kuwa, na manyan ɗakuna ne masu zama inda akwai wuta.

Da yau zan sake saye, na batir zan ɗauka, don tafiye-tafiyenmu na kwana biyu ne ko uku, kuma ba na son barin wuta a bayana. Amma in na hannu ka samu mai firjin gas a farashi mai kyau, kada ka guje shi. Ka ce wa mai shi ya kunna tun jiya, ka zo ka dafa daɓen wurin ƙanƙara da tafin hannu. Ka zagaya baya ka buɗe murfin, in ka ga gari rawaya a gindin tukunyar dafa ruwan ko ka ji warin amoniya, ruwan ya tsiyaye, sai an sake na'urar sanyin ɗungurungum. Ka rubuta lambar firjin ka duba ko yana cikin waɗanda aka janye, kuma ko an yi masa gyaran. Sannan ka durƙusa ka karanta ranar da ke jikin na'urar jin ƙanshin gas da ke kusa da ƙasa, in ta haura shekara 7 ka sa kuɗin sabuwa a cikin ciniki.